Fermer, mai zanen ɗakunan shiru da ya mutu da bashin burodi

A wannan fili na tarihin mutanen da suka shuɗe mun saba kawo muku sarakuna da malamai da mayaƙa. Yau kam mun ɗan kauce hanya. Mutumin da muka ɗauko bai ci gari da yaƙi ba, bai riƙe sarauta ba, ko wasiƙa guda ta hannunsa ba ta iso wannan zamani ba. Sana'arsa zane da fenti, kuma abun da ya fi zanawa shi ne mace guda cikin ɗaki, kusa da taga, tana aikinta ba ta kula kowa. Sunansa Yohanes Fermer, ɗan ƙasar Holanda. Wanda zai nemi hotunan aikinsa a waya, a rubutun ƙasarsu Johannes Vermeer ake rubuta shi.

Ayyukansa da suka rage a duniya ba su kai 40 ba, masana na lissafa tsakanin 34 da 37. Amma a 2023, da gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ya tara 28 daga ciki wuri guda, mutum kimanin dubu 650 suka je kallo. To me suka je gani? Mace na zuba madara, mace na karanta wasiƙa, mace na saƙa. Abun da ya ja mu ga tarihin wanga mutum shi ne yadda yake zana ɗaki har mai kallo ya ji ya rage murya, kamar wanda ya shiga inda jinjiri ke barci. Hoto dai ba ya da sauti. Launi da haske ne kawai a hannunsa, da su ya yi wannan aiki.

An yi masa baftisma ranar 31 ga Oktoba 1632 a Delft, gari mai ganuwa wanda magudanan ruwa suka ratsa ta ko'ina. Garin ya yi suna da giya da saƙa, daga baya kuma da farin tangaran mai adon shuɗi da suka kwaikwayo daga na Sin. Mahaifinsa Reynier masaƙin siliki ne tun farko, sannan ya buɗe masaukin baƙi, yana kuma saye da sayar da hotunan fenti. A 1641 ya sayi wani babban masauki mai suna Mechelen a bakin kasuwar garin. Ke nan yaron ya tashi cikin hayaniyar baƙi da ƴan kasuwa, yana ganin aikin wasu rataye a bango ana jiran mai saye. Uban ya rasu a 1652, ya bar wa ɗan cinikin hotuna, ya bar wa iyali gidan da ba a gama biyan kuɗinsa ba.

A Afrilu 1653 ya auri Katarina Bolnes, kuma auren bai zo da sauƙi ba. Shi gidansu Furotesta ne, ɗariƙar da ke da iko a ƙasar. Ita kuwa Katolika ce, su kuma a lokacin ba a yarda su yi ibada a fili ba, sai a majami'un da suka ɓoye cikin gidaje. Uwarta Mariya Thins, mace mai dukiya da gonaki wadda ta rabu da mijinta saboda duka, da farko ta ƙi sa hannu a takardar amincewa, ta dai ce ba za ta hana ba. Daga baya ta sauko, har ma'auratan suka koma zama gidanta. Namiji a gidan surukuwa, a wurinmu da an sha magana! Shi dai nan ya zauna har mutuwarsa, kuma a benen wannan gida ɗakin aikinsa yake.

A ƙarshen Disamba na wannan shekara ya shiga ƙungiyar masu zane ta garin. Kuɗin shiga gilda 6 ne, gilda kuwa shi ne kuɗinsu na lokacin. Bai iya biya duka ba, sai a 1656 ya cika. Duk da haka abokan sana'a sun ga girmansa, suka sa shi cikin shugabanninsu a 1662, suka sake a 1670. A tsakanin nan garin ya ga masifa. Ranar 12 ga Oktoba 1654 rumbun albarushin gwamnati ya fashe, wani yanki na Delft ya rushe, mutum fiye da 100 suka mutu. Cikinsu har da Karel Fabritius, almajirin shahararren mai zane Rembrandt, gwani wajen zana hasken rana a kan farin bango. Bayan mutuwar Fermer, da aka lissafa kayan gidansa, an samu aikin Fabritius a ciki.

Ayyukansa na farko manya ne, labaran addini da tatsuniyoyin Turawan da, irin abun da ake ganin shi ne babban aiki. Wajen 1657 ya juya musu baya ya shiga ɗaki. Ban da hotuna biyu na waje, ɗaya na garin Delft daga ƙetaren ruwa, ɗaya na wani ɗan lungu, kusan duk sauran aikinsa cikin bango huɗu ne.

Sai mu fara da hasken, don nan ne wanda ya tashi a ƙasarmu zai iya rasa gane abun. Tamu ranar tsaye take bisa kai, tana dukan ƙasa, inuwarta baƙa ƙirin mai kaifin baki. Ta Holanda ba haka take ba. Ƙasar na can arewa, gajimare ya yawaita, hasken na zuwa a tace, kusa da irin wanda muke gani da hantsi a kwanakin hazo. Tagoginsu dogaye ne na gilashi, da marufan katako, mutum na iya rufe wani sashe ya bar wani, ya auna hasken da yake so kamar mai awon hatsi. A yawancin aikin Fermer tagar na hannun hagu. Haske ya shigo, ya taɓa goshin matar da hannunta, ya bi bango yana canzawa kaɗan-kaɗan har ya ɓace a kusurwa. Ba inda ya yanke farat ɗaya. Ido ba ya cin karo da komai, shi ya sa zuciya ma take kwantawa.

Mu ɗauki hoton ƴar aikin da ke zuba madara, wanda ya yi wajen 1658 zuwa 1660. Ƙarami ne, tsayinsa santimita 45 da ɗoriya, faɗinsa 41, bai wuce babban faifai ba. Mace ce kakkaura, ta naɗe hannun riga, tana tsiyaye madara daga ɗan tulun ƙasa zuwa cikin kasko. Madarar siririya ce kamar zare, kuma ita kaɗai ke motsi a ɗakin. Idon matar na kan aikinta. Rigarta rawaya ce, ƙyallen aikin da ta ɗaura a gaba shuɗi mai zurfi, siket ɗinta ja yana ƙasa cikin inuwa. Bisa tebur ga kwandon burodi da gutsattsarinsa. A kan ɓawon burodin ya zuba ɗigo-ɗigon fenti mai kauri kamar ƙwayar gero, in ka ja baya sai ka ga haske ne ke wasa a kai, har ka ji kamar za ka iya gutsura.

Bangon bayanta kuwa, daga nesa fari ne kawai. Matso kusa ka gani. Akwai ramukan ƙusa, akwai ƙusa guda da ƴar inuwarta, gilashin taga ɗaya ma ya fashe. Farin kansa ba iri ɗaya ba ne: kusa da taga ya dusashe ya koma ruwan toka, can dama ya yi haske kamar nono. Nan dabarar take. Gefen jikinta da haske ya buga ya ɗora shi kan bango mai duhu, gefenta mai inuwa kuma kan bango mai haske, sai matar ta fito tsaye da nauyinta kamar turmi a tsakar gida. Ƴar aiki ce, a gidajen lokacin ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta, amma ya ba ta natsuwar da ake ba sarauniya.

Binciken da aka yi da na'urori a 2022 ya nuna da farko ya zana katakon rataye tuluna a bangon bayanta, da wani babban kwandon wuta a ƙasa, sai ya shafe su duka. Abun da ya bari ɗan akwatin garwashi ne na ɗumama ƙafa. Wannan kuwa halinsa ne. A hoton wata yarinya da ke gyangyaɗi bakin tebur ya cire kare daga bakin ƙofa, ya cire wani namiji daga ɗakin baya. A na wata mai ɗaura sarƙar lu'ulu'u ya cire taswira daga bango ya bar shi wayam. Wasu masu zane na zamaninsa cika hoto suke da yara da karnuka da kaji da mashaya, ana dariya ana ɓarin tukwane. Shi ragewa yake, har sai abun da ya rage ya samu wurin numfashi.

Sai launi. A wancan zamani ba a sayen fenti cikin gwangwani. Mai zane kan niƙa launi a kan dutse, ya kwaɓa da mai, gwargwadon abun da zai yi aiki da shi. Launuka biyu Fermer ya fi jingina da su, rawaya da shuɗi. Rawayar daga darma da kuza ake gasa ta. Shuɗin kuwa labarinsa dogo ne. Daga wani dutse ake samun shi mai suna lafis lazuli, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan na ƙasar Afganistan, fatake su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iso Turai. A niƙa, a wanke, a tace, abun da ke fita ɗan kaɗan ne. Babu launin da ya kai shi tsada, har ana kwatanta shi da zinariya. Masu zane na Turai sun saba tanada shi don wuri ɗaya mai daraja, kamar mayafin Maryamu uwar Annabi Isa. Fermer ya ɗauke shi ya zuba a ƙyallen ƴar aiki.

Bai ma tsaya nan ba. Yana cuɗa shi cikin farin bango, yana sa shi cikin inuwa, yana shimfiɗa shi ƙarƙashin wani launi inda ido ba zai gan shi kai tsaye ba. Shi ya sa inuwarsa ke da sanyi, ke da iska a cikinta. Duk wanda ya taɓa ɗaga baƙin rinin shuni a rana ya san baƙi ma yana da ciki. Rawaya na kawo ɗumi, shuɗi na kawo sanyi, shi kuma ya daidaita su yadda ba wanda ya danne wani. Ja kuwa sau da yawa kaɗan yake sawa, kamar barkono a miya.

In ya canza awon launin, sai yanayin ɗakin duka ya canza. Ga hoton matar da ke sanye da shuɗiyar riga tana karanta wasiƙa, na wajen 1663, shi ma yana Amsterdam. Nan ba a ma ganin tagar, haskenta kawai ake gani a bango. Riga shuɗiya, kujeru shuɗɗa, inuwar bango ma ta karkata shuɗi, ɗumin da ke ciki bai wuce na wata tsohuwar taswira ruwan ƙasa da ke rataye bayan kanta ba. Ta riƙe takardar da hannu biyu kusa da ƙirji, bakinta a ɗan buɗe. Kujera na da inuwa a bango, taswira na da inuwa, ita matar kuwa bai ba ta ba, sai ta zama kamar tana tsaye cikin haske ita kaɗai. Shirun ƴar madara na mai aiki ne da hankalinsa ke kwance. Wannan shirun na wadda ta riƙe numfashi ne. Duk matar da mijinta ke ci-rani, ta taɓa ɗaukar saƙonsa ta koma ƙuryar ɗaki don ta ji ita kaɗai, ba sai an yi mata bayanin wannan hoto ba.

Akwai kuma na matar da ke riƙe da ɗan ma'auni, wanda ke birnin Washinton. Nan ya toshe hasken kusan duka. Ɗan tsiririn da ya kutso ta gefen labule mai ruwan ɗorawa ne ya gangaro a karkace, ya sauka kan yatsunta da fuskarta. Bisa tebur ga akwatin ado a buɗe, lu'ulu'u da zinariya sun zubo. Shekaru da yawa ana ɗauka zinariya take aunawa. Da aka duba da gilashin ƙara girman abu, sai aka ga farantan ma'aunin ba komai a cikinsu, ƙyallin haske ne kawai. Jira take su tsaya daidai. A bangon bayanta kuwa ya rataye wani hoto mai duhu na ranar hisabi, inda ake auna ayyukan mutane. Bai sa ta nuna tsoro ba, bai sa ta murmushi ba. Duhun ɗakin da ɗan hasken nan su suka ɗauki maganar duka. A ganinmu, cikin ayyukansa babu wanda ya kai wannan nauyi.

Wani abu da ya faru a zamaninmu ya nuna yadda bango kaɗai ke juya ma'anar hoto. A birnin Dresden na Jamus akwai hoton wata yarinya da ke karanta wasiƙa gaban buɗaɗɗiyar taga, fuskarta na ɗan bayyana a gilashi. Fiye da shekara 200 mutane sun san ta da farin bango wayam a bayanta, ana yabon kaɗaicin da ke ciki. A 1979 na'urar ɗaukar hoton ƙashi irin ta asibiti ta nuna akwai wani abu ƙarƙashin fentin, aka ɗauka shi ya shafe da kansa kamar yadda ya saba. Da aka soma gyaran hoton a 2017, sai aka tarar da dattin shekaru tsakanin fentin ƙasa da na sama, alamar wani hannu ne ya shafe bayan mutuwarsa. Aka kankare a hankali, a 2021 aka fito da shi. Ashe babban hoton ɗan yaron nan mai baka ne, wanda Turawa ke ɗauka alamar soyayya. Yanzu kowa ya san wasiƙar ta masoyi ce, ɗakin kuma ya cika, ya ƙara ɗumi. Wasu sun yi murna, wasu har gobe suna kewar farin bangon. Mu ma dai, gaskiya, muna cikin masu kewar, ko da yake mai abu ya fi mu sanin abunsa.

Yanzu mu sauko daga bene mu ga gidan da ake wannan aiki a cikinsa. Katarina ta haihu sau 15. Huɗu suka rasu suna ƙanana, 11 suka rayu. Ku lissafa kukan jinjiri, da wanki, da faɗan yara, da bakin da za a ciyar kowace safiya. Ga surukuwa, ga kuma Willem, ɗan uwan Katarina, mutum mai zafin hannu, wanda a 1663 ya tasar mata da sanda tana da tsohon ciki, har sai da aka tsare shi a gidan horo. Amma a duk hotunan cikin ɗaki da Fermer ya bari, babu yaro ko guda da ke wasa a ƙasa. Shirun nan da duniya ke layi don ta gani, bai same shi a gidansa ya kwafa ba. Ƙera shi ya yi, da farar ƙasa da dutsen Afganistan, yana rufe ƙofa hayaniya na tashi daga ƙasan bene.

Kayan da ake gani a hotunan ma suna da nasu labari. Dardumar Turkiyya da ake shimfiɗawa bisa tebur, tangaran na Sin, taswirar ƙasashe a bango, duka alamar ƙasar da jiragenta suka cika teku ne. Delft kanta na da reshen babban kamfanin Holanda mai fatauci da Asiya. A 1637, Fermer na ƙaramin yaro, Holandawa suka ƙwace gidan Elmina daga hannun Fotugal, a gaɓar ƙasar Ghana ta yau, suka ci gaba da fitar da zinariya da bayi ta nan. Ƴan uwanmu da ke Ghana sun san wurin. Ba za mu ce kowace darduma da kuɗin bayi aka saye ta ba, amma arzikin ƙasar rijiya ɗaya ce kowa ke sha, kuma wannan ba ya fitowa a farin bango.

Mutum ne mai jinkirin aiki, hoto biyu ko uku a shekara. A 1663 wani matafiyi Bafaranshe, Balthasar de Monconys, ya je gidansa don ya ga aikinsa, bai tarar da ko guda ba. Sai gidan wani mai burodi aka kai shi ya ga ɗaya, da ya ji kuɗin da aka biya ya ga an yi tsada ƙwarai, hoto mai mutum guda tal. Abun da ya riƙe Fermer shi ne wani mai hali na garin, Pieter van Ruijven, da matarsa Mariya de Knuijt. Sun ranta masa gilda 200 a 1657, kuma gidansu ne yawancin aikinsa ya tafi. Wannan ya ba shi damar yin aiki ba gaggawa, amma ya sa sunansa bai yi nisa da ganuwar Delft ba.

Sai 1672 ta zo, shekarar da Holandawa har yau ke kira shekarar bala'i. Sarkin Faransa Luwi na 14 ya shigo da runduna ta ƙasa, Ingila ta taso ta teku. Don su tare abokan gaba, Holandawa suka buɗe madatsan ruwa suka nutsar da gonakinsu da kansu. Cikin abun da ruwa ya ci har da gonakin Mariya Thins, kuɗin haya ya tsaya. Wa ke sayen hoto ana yaƙi? Nasa bai sayu ba, na wasu da yake dillanci suka zauna masa a hannu. Van Ruijven ya rasu a 1674. A tsakiyar 1675 Fermer ya je Amsterdam ya ranto gilda 1,000.

A tsakiyar Disamba 1675 aka binne shi a tsohuwar majami'ar Delft, yana da shekara 43. Matarsa, a takardar da ta kai wa hukuma daga baya, ta ɗora abun kan yaƙin da nauyin ƴaƴa. Ta bayyana cewa damuwa ta ci shi har ya zama kamar wanda ya zautu, kuma cikin yini guda da rabi ya tashi daga mai lafiya ya zama gawa. Ya bar mata ɗiya 11, goma ba su kai munzili ba.

Cikin masu bin bashi har da mai burodi, Hendrick van Buyten. Kuɗin burodin da gidan ya ci ba a biya ba ya kai gilda 617, a lokacin da mai sana'a ke samun kusan gilda guda a yini. Wato mutumin da ya zana burodi har duniya ke mamaki, burodin gidansa na bashi ne. Katarina ta miƙa wa mai burodin hotuna biyu jingina, ɗaya na mai rubuta wasiƙa, ɗaya na mai kaɗa molon Turawa, bisa sharaɗin za ta iya fansa tana biyan gilda 50 a shekara. Babban hoton da mijinta ya ƙi sayarwa duk tsananin, wanda ke nuna mai zane zaune ya ba mu baya yana aiki, ta yi ƙoƙarin mayar da shi da sunan uwarta don kar masu bashi su ɗauke. Wanda hukuma ta naɗa ya kula da gadon shi ne Antoni van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi da ya shahara da gilashin ƙara girman abu, wanda ya fara ganin ƙananan halittun da ke cikin ɗigon ruwa. Shekara ɗaya aka haife su, a majami'a ɗaya aka yi musu baftisma, kwana huɗu tsakani. A lissafin kayan gidan an rubuta wata rigar mata rawaya mai bakin farin gashin dabba. Ita ce ake gani jikin mata a hotunansa da dama.

A 1696 aka yi gwanjon hotunansa 21 a Amsterdam, daga gadon gidan Van Ruijven. Na ƴar madara ya tashi gilda 175, bai kai ko sulusin bashin burodin ba. Daga nan aikin ya watsu, sunan ya dusashe. Wasu hotunan aka riƙa sayar da su da sunan wasu masu zane da suka fi shi kasuwa. Na Dresden ɗin nan ma da sunan Rembrandt aka kai shi can a 1742. Sai a 1866 wani ɗan jarida Bafaranshe, Théophile Thoré, wanda siyasa ta taɓa kora daga ƙasarsu ya yi shekaru yana yawon gidajen tarihi, ya wallafa dogon bincike a kansa, Turai ta farka.

Farkawar ma a hankali ta zo. A 1881, a wani gwanjo a birnin Hague, wani mutum ya sayi wani hoto mai datti gilda 2 da ƴan canji. Shi ne na yarinyar nan mai ɗaurin kai shuɗi da rawaya da ɗan kunnen lu'ulu'u, ta waiwayo tana kallon mu, wadda yau ake bugawa a riguna da jakunkuna. Lu'ulu'un da ake ta magana a kai, in ka matso, shafar buroshi ce biyu, ƙyalli a sama da ɗan hasken farar wuyan riga a ƙasa, ko maratayi ba ya da shi. Bayan yarinyar da muke gani baƙi yanzu, bincike ya nuna labule ne tsanwa, wanda ya haɗa da shuni da wani rinin rawaya na ganye, shekaru suka cinye launin. Hoton ƴar madara kuma a 1908 ya shiga Rijksmuseum, bayan gwamnatin Holanda ta sa kuɗi don kar attajiran Amurka su tafi da shi.

Ɗaya daga cikin ayyukan nasa dai ba mai iya zuwa kallonsa yau. Hoto ne na mutum uku suna kiɗa da waƙa cikin ɗaki, yana rataye a gidan tarihin Isabella Stewart Gardner da ke Boston. Daren 18 ga Maris 1990 wasu mutum biyu sanye da kayan ƴan sanda suka ƙwanƙwasa, masu gadi suka buɗe musu, suka ɗaure masu gadin, suka fita da kaya 13 har da shi. Katakon da ke zagaye da hoton na nan rataye inda yake, ba komai a cikinsa.